Labarin Takobi Ya Isa Gamu, na Bincike Yana Hanya

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Gamu, cikin gundumar Gure, ba a bukatar mai shela idan lokacin kokawar takobi ya zo. Rediyo yana rataye a reshen itace, wayar salula tana hannun samari, tsoho da yaro kowa ya san wanda ya kayar da wanda aka kayar, da jihar da ta rage da ƴan kokawa nawa a fage. Tun daga 1975, lokacin da aka buɗe gasar farko a Tawa har Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, labarin kokawa bai taɓa ɓatan hanya ba tsakanin fage da kunnen talaka.

A wannan yanki na Gure kuma, masu bincike na jami'a sun shafe shekaru suna auna iska da rairayi, suna leƙa rijiyoyi, suna tambayar manoma da makiyaya. An rubuta kundayen digiri, an buga maƙalu, an yi taruka a Yamai da ƙasashen Turai. Amma da wuya ka samu manomin da zai ce maka ya ji a rediyo, cikin harshen da yake mafarki da shi, abin da aka gano game da gonarsa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne: wannan giɓi matsalar harshe ce kafin ta zama matsalar kuɗi ko ta kayan aiki, kuma mu masu nazarin kimiyyar harshe muna cikin waɗanda alhakin cike shi ya rataya a wuyansu.

Fuskoki uku na jami'a a kafafen watsa labarai

Mai sauraron rediyo ko mai kallon talabijin a ƙasar nan yakan haɗu da jami'a ne da ɗaya daga cikin fuskoki uku. Ta farko ita ce fuskar biki da rikici: bikin yaye ɗalibai, aza harsashin gini, ziyarar minista, ko kuwa yajin aikin malamai da zanga-zangar ɗalibai kan kuɗin tallafin karatu. Duk waɗannan labarai ne na gaskiya, kuma sun cancanci a ba da su. Illarsu ita ce idan su kaɗai ake ji, sai talaka ya ɗauka jami'a wuri ne da ake sa manyan riguna a ɗauki hoto, sannan a rufe ƙofa a tafi yaji.

Ta biyu ita ce fuskar masani. Wani abu ya faru a siyasa ko a kasuwa, sai a kira malami ya yi sharhi na minti biyu, galibi da Faransanci, galibi daga Yamai, galibi kuma mutanen da aka saba kira. Akan tambaye shi ra'ayinsa a kan abin da ya faru jiya, ba a cika tambayarsa abin da ya kwashe shekara goma yana nazari a kai ba. Idan aka zo sashen Hausa, sai mai fassara ya taƙaita maganar cikin jimla uku, duk wani sharaɗi da togaciya da malamin ya gindaya su zube a hanya. A farkon watan Satumba na 2024, lokacin da ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, hoton faɗuwarsa ya zaga duniya cikin sa'o'i. Tambayoyin da suka fi amfanar mai ɗakin ƙasa, wato yadda ruwa ke cin gindin bango, da rawar da yaɓe da indararo da magudanar ruwa ke takawa, da abin da sauyin yanayin damina ke nufi ga ginin laka, ba su samu filin da hoton ya samu ba. Alhali akwai masana tarihi da na labarin ƙasa da magina na gargajiya a cikin garin da za su iya amsa su da Hausa tsantsa.

Ta uku ita ce fuskar wasanni. A nan ma abin da ya fi fitowa shi ne sakamako da sunan babban baƙon da ya miƙa kofi. Ɗalibin da ya haɗa karatu da atisaye, wanda ya fito daga ƙauye ya zama gwanin gudu ko na ƙwallo, ba a cika jin labarinsa ba.

Abin da babu a cikin fuskokin nan uku shi ne ainihin aikin da aka kafa jami'a dominsa bayan koyarwa, wato bincike. Jami'ar Yamai, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, ta haura shekara hamsin. Ta Damagaram, da aka kafa a 2010 tare da na Maraɗi da Tawa, tana ɗauke da sunan André Salifou. Mutanen nan biyu ba su ɓoye iliminsu a aljihu ba. Na farko ya mayar da nazarin hasken rana zuwa na'urorin dafa ruwa da girki da mutane suka gani da idonsu. Na biyu ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19, sannan ya ɗauki labarin Sarki Tanimun ya mai da shi wasan kwaikwayo don ya isa ga wanda ba zai buɗe littafin tarihi ba. Jami'ar da ta ari sunayensu ta ari nauyinsu.

Abin da ake nazari a Gure

Domin kada maganar ta tsaya a sama, bari mu dubi irin ilimin da ake magana a kai. Daga Gure zuwa Gudumariya da Maine-Sorowa akwai kwaruruka da ke kwance a tsakanin tuddan rairayi, inda ruwan ƙasa yake kusa. Tsarinsu kamar zobba ne: goriba a baki, sai dabino da lambunan rogo da rake da masara da albasa, sannan tsakiya inda kanwa ke fitowa. Waɗannan kwaruruka su ne rumbun mutanen yankin idan damina ta yi gardama. Abubuwa biyu ke yi musu barazana: rairayin da iska ke turowa daga tuddan da suka tsiraita, da gishirin da ke taruwa a ƙasa idan ruwa ya ja baya.

Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni, tare da takwarorinsu na jami'o'in Beljiyam, sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Sun bi diddigin yadda ciyayi suka ragu tun daga farin shekarun 1970 da 1980, sun auna yawan rairayin da iska ke ɗauka a lokacin hunturu da lokacin guguwar farkon damina, sun kuma gwada hanyoyin tsayar da tudu. Hanyar da aka fi sani ita ce kafa shingaye na rassan kalimbo ko na kaba, a gicciye da hanyar iska, don su karya ƙarfinta, ciyawa ta samu damar kamawa, sannan a dasa itatuwa a hana dabbobi shiga na wasu shekaru.

A nan ne tambayoyin manomi suke. Tazara nawa za a bari tsakanin shinge da shinge? Wane wata ya fi dacewa a kafa? Idan aka yi ta saran kalimbo don shinge, ba a tsiraita wani tudun ba? Wa zai tsare wurin, kuma ina makiyayi zai bi da garkensa a shekarun da aka killace? Waɗannan ba tambayoyin ado ba ne. Amsarsu ce ke raba kwarin da zai ciyar da jikoki da wanda zai zama tarihi. Kuma da yawa daga cikin amsoshin suna nan a rubuce, cikin Faransanci ko Ingilishi, a ɗakunan karatu da shafukan intanet da mutumin Gamu ba shi da hanyar shiga. An karɓi lokacinsa, an sha ruwan randarsa, an rubuta maganarsa a takardar tambayoyi, amma sakamakon bai dawo ba. A al'adarmu wanda ya ari ƙwarya yakan mayar da ita da ɗan wani abu a ciki.

Darasin gawo

Akwai misali a kudancin jihar nan da ke nuna abin da kalma ɗaya mai kyau take iya yi. Tun daga shekarun 1980, manoma a Maraɗi da yankunan Magarya, Matamai da Mirya suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi maimakon sarewa. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya sake cika gonaki. Da masu bincike suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu a shekarun 2000, sai suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Labarin ya shiga manyan jaridun duniya, kuma a 2018 Tony Rinaudo, wanda ya yi aikin yaɗa dabarar a Maraɗi, ya samu lambar yabo ta duniya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne sunan da dabarar ta samu a bakin manoma: sassaben zamani. Sunan Faransanci da na Ingilishi dogaye ne, sai an taƙaita su da haruffa. Na Hausa kuwa ya kama abin da manomi ya riga ya sani, wato sassabe, ya ɗora masa kalma ɗaya da ke cewa ga sabuwar hanya. Ba a bukatar lacca. Dabarar ta bi bakin manomi zuwa kunnen manomi, a kasuwa da wurin biki da rediyo. Inda ilimi ya samu suna a harshen mutane, yakan yi ƙafa.

Hujjar cewa Hausa ba ta da kalmomi

Idan aka tambayi wasu malamai dalilin da ya sa ba sa bayyana bincikensu da Hausa, amsar da aka fi ji ita ce harshen ba shi da keɓaɓɓun kalmomin fannin. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake zato.

Da farko, tarihi ya ƙaryata ta. Tun a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara bayyana al'amuran duniya da Hausa daga Zariya. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da yadda duniya take tafiya. Sashen Hausa na BBC, tun daga 1957, da sauran tashoshin da suka biyo baya, sun sa kalmomi irin su tauraron ɗan'adam, ɗumamar yanayi da kwararowar hamada sun zama na kowa. Fanninmu ma shaida ne: muna nazarin ginin jimla da ƙirar kalma da tsarin sauti da Hausa, da kalmomin da malamai suka zauna suka daidaita. A nan gida, ƙamus ɗin Abdou Mijinguini yana hannun ɗalibai, na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006.

Na biyu, fagen kokawa kansa ya ƙaryata ta. Duk wanda ya saurari mai sharhin kokawa da kunnen manazarci zai ji cikakkiyar Hausar rukuni: sunayen kamu da taɗiya, ƙa'idar sashen jikin da in ya taɓa ƙasa an yi kaye, hukuncin gargaɗi, lissafin wanda ya rage a kowace tawaga, tarihin haɗuwar wane da wane. Wannan ilimi ne mai sarƙaƙiya, kuma ana isar da shi kai tsaye, cikin sauri, ga miliyoyin mutanen da ba su taɓa zama a aji ba. Ba wanda ya jira wani kwamiti ya amince da kalmomin. Bukata ce ta haife su, yawan amfani ya goge su. Harshen da ya iya bayyana yadda Isaka Isaka ya karya lagon abokin karawarsa cikin daƙiƙa biyu ba zai kasa bayyana yadda shinge ke karya lagon iska ba.

Gaskiyar da ke cikin hujjar ita ce aikin yana da wuya, kuma kuskure a cikinsa yana da tsada. Misali biyu sun isa.

Na farko ya shafi aron kalmomi. Hausar Nijeriya ta ari daga Ingilishi, tamu ta ari daga Faransanci, har wani lokaci kalma ɗaya takan raba ma'ana. A Kano likita mutum ne. A wurare da yawa na ƙasar nan likita gini ne da ake zuwa neman magani, mutumin kuwa lokotoro ne. Saƙon lafiya da aka shirya a can aka watsa a nan ba tare da an duba ba yana iya sauka a gefen inda aka nufa. Jihar da ta sha fama da sanƙarau, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ba ta da sararin wasa da irin wannan.

Na biyu ya fi zurfi. Kowace shekara cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, tare da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin, tana fitar da hasashen damina. Hasashen ba alkawari ba ne. Yana cewa ne akwai yiwuwar kaza cikin ɗari ruwa ya fi na al'ada, kaza ya yi daidai, kaza ya gaza. Idan mai fassara ya ce «bana za a yi ruwa da yawa», ya mayar da zato ya zama tabbas. Manomi ya zuba irinsa, ruwa ya ɗauke, gobe kuma ba zai sake yarda da masana ba. Alhali Hausa tana da kayan aikin da ake bukata. Tana da wataƙila, da mai yiwuwa, da galibi, da ana kyautata zato, da da wuya. A nahawun daidaitacciyar Hausa ma akwai lokaci mai zuwa iri biyu, ɗaya mai ƙarfin niyya irin na «za mu gani», ɗaya mai sassauci irin na «ma gani». A rubuce, ba tare da alamar karin sauti ba, wasu sigogin na biyun sukan rikice da shuɗaɗɗen lokaci, amma a baka kunne yana rarrabe su nan take. Wato rediyo ya fi takarda dacewa da wannan aiki. Sanin wace siga ce ta dace da wane mataki na yiwuwa, da yadda mai sauraro a Gure yake fahimtar kowace, aikin mai kimiyyar harshe ne, ba na masanin yanayi ba.

Me ya sa abin yake haka?

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗan jarida laifin duka. Wakilin tasha a jiha sau da yawa shi ne mai ɗauko labari, shi ne mai fassara, shi ne mai karantawa, ga ƙarancin albashi da abin hawa. Taron da aka gayyace shi aka tanadi kujera da takardar jawabi ya fi masa sauƙi a kan kundin shafi ɗari uku da ba wanda ya taƙaita masa. Kokawa kuma tana da masu talla, binciken rairayi ba shi da su.

Malamin jami'a ma yana da uzurinsa. Ƙarin girmansa yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Sa'a guda da ya ba rediyon karkara ba ta da nauyin da maƙala ɗaya take da shi. Ga kuma tsoron kada a yanke maganarsa a juya ta, abokan aiki su yi masa dariya, ko ta jawo masa fushin wani babba. Wannan tsoro ba na banza ba ne.

Amma uzuri ba ya sauke nauyi. Da dukiyar ƙasa ake biyan albashin malami da tallafin ɗalibi, kuma cikin wannan dukiya akwai harajin da aka karɓa a kasuwar dabbobi ta ƙauye. Idan masani ya yi shiru don gudun a juya maganarsa, filin ba ya zama fanko. Mai maganin da ke warkar da cuta arba'in zai saye shi, saƙon murya na WhatsApp da ba a san mafarinsa ba zai cike shi. Maganin gurguwar fassara shi ne masani ya iya faɗin maganarsa da bakinsa, a harshen mai sauraro, yadda ba sai an fassara shi ba.

Wasanni ba kishiyar bincike ba ne

Kada a fahimci wannan maƙala a matsayin ƙorafin cewa ana ba wasanni fili da yawa. Ƙasar da Issaka Daborg ya samo wa tagulla a damben Olimfik na 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya samo mata azurfa a tekwando a 2016, ta san abin da nasarar ɗan wasa take yi wa zukata. Ɗalibanmu ƴan wasa ma sun cancanci a san su fiye da yadda ake yi. A Nijeriya gasar wasannin jami'o'i tana gudana tun 1966, kuma ta zama hanyar da sunan jami'a ke shiga gidajen da ba su da ɗalibi ko ɗaya.

Akwai dai gargaɗi daga Amurka, inda a jami'o'i da dama albashin mai horar da ƴan ƙwallo ya ninka na shugaban jami'a, har jama'a suka fi sanin makarantar da ƙungiyarta a kan ɗakunan bincikenta. Mu ba mu kai can ba, kuma ba can muka nufa ba. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wasanni shi ne dabara. Mai sharhin kokawa ya san mai sauraronsa, yana kiran mutane da sunansu da garinsu, yana nuna abin da za a samu da abin da za a rasa, yana kuma dawowa gobe ya ci gaba daga inda ya tsaya. Labarin bincike ma yana da duk waɗannan: akwai kwari mai suna, akwai mutanen da ke cikinsa, akwai abokin karawa wato rairayi, akwai kaye. A ranakun gasar takobi, lokacin da kunnen ƙasa duka yake kan rediyo, minti biyar tsakanin karawar safe da ta yamma sun fi shirin sa'a guda da za a sa da tsakar dare. Kokawar kanta ma abin nazari ce: kirarin ƴan kokawa, barkwancin cali-cali, da Hausar masu sharhi taska ce da ke jiran kundayen sashenmu.

Hausa, da sauran harsunan Gure

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Matsayi a takarda abu ne, aiki a baki abu ne daban. Harshe ba ya zama na ƙasa da gaske sai ranar da za a iya tattauna ruwan ƙasa da cutar dabbobi da kasafin kuɗi da shi ba tare da an ruga an aro jimla ba. Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a farkon shekarun 1960 suna naɗar muryar manoma a mayar da ita kan iska. Talabijin na makaranta ya fara a 1964. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma wasannin kwaikwayo irin na su Yazi Dogo sun koya wa jama'a abubuwan da jawabi bai iya koyarwa ba. A yau ma Studio Kalangou yana watsa shirye-shirye da harsunan gida ta tashoshin karkara, ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA kuma tana ba da shawarar noma da murya ta waya. Hanyar tana nan, jami'a ce ba ta cika hawa ba.

Sai dai wajibi ne mu, Hausawa da masu nazarin Hausa, mu yi hattara. Gure ƙasar Barebari ce tun asali, ga Fulani da Buzaye da Tubawa. Namijin da ke yawon kasuwa yana jin Hausa, amma tsohuwar da ke tsinkar kaba a bakin kwari mai yiwuwa Mangancinta kaɗai take ji da kyau, kuma ita ce ta fi kowa sanin halin da goriba take ciki. Idan muka cire Faransanci muka dasa Hausa a gurbinsa, muka bar ta a waje, mun canza wa ƙofa fenti ne kawai, kwaɗon yana nan. Ƙa'idar da ta dace ita ce sakamako ya koma da harshen da aka yi tambaya da shi.

Abin da za a iya farawa da shi

Shawarwarina huɗu ne, kuma babu wadda take jiran tallafin waje.

Ta farko, duk kundin digiri na biyu ko na uku da aka yi aikin filinsa a wani gari ya zo da taƙaitawa ta shafi ɗaya ko biyu a harshen garin, tare da muryar minti biyar da ɗalibin ya naɗa da wayarsa. A miƙa wa rediyon karkara mafi kusa da magajin garin wurin. Kwamitin da ke sauraron kariyar kundi ya tambayi wannan kamar yadda yake tambayar jerin manazarta.

Ta biyu, jami'a ta fitar da jerin malamanta ga gidajen rediyo da jaridu, kowa da fanninsa da harsunan da zai iya hira da su. Ɗan jaridar da ke neman mai bayanin farin dango da Hausa ko Barbarci kafin labaran yamma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ta uku, sashen harsuna ya riƙa shirya zaman daidaita kalmomi fanni-fanni, inda masanin fannin da ɗan jarida da mai sana'ar za su zauna tare. A fara da tattara abin da ke bakin mutane kafin a ƙirƙiro sabo. Manomi yana da sunaye ga ire-iren ƙasa da iska da gajimare da ba su cikin ƙamus, kuma kalmar da aka tsinto a gona ta fi wadda aka sassaƙa a ofis saurin kamawa.

Ta huɗu ta shafe mu ɗalibai kai tsaye. Mai neman batun kundi ya naɗi labaran tasha ɗaya na wata uku, ya ƙidaya mintin da aka ba jami'a, ya rarraba su tsakanin biki da rikici da sharhi da wasanni da bincike, ya duba harshen da aka yi kowanne da shi. Wani ya ɗauki hasashen damina na asali ya kwatanta da fassararsa, sannan ya je Gamu ya tambayi masu sauraro abin da suka fahimta. Da irin waɗannan alƙaluma ne za mu tunkari hukumar jami'a da shugabannin tashoshi, mu nemi a sa wa'azin ilimi cikin abin da ake auna malami da shi.

Masu iya magana sun ce ilimi gishirin zaman duniya. Gishirin da ya zauna a buhu kuwa bai gyara miyar kowa ba. Kafin iskar hunturu mai zuwa ta taso, akwai kundaye a kan kantocin ɗakin karatunmu da suka san inda ya kamata a kafa shinge. Ɗalibi ɗaya mai waya da Hausa mai kyau, da abokinsa mai Barbarci, sun isa su fara kai su gida.